Bawul ɗin EGR: yadda ake gane mai son wanki da mai son canji

Wani Alhaji mai harkar gwari a Mile 12 ya kawo Honda Accord ɗinsa garejinmu da ke Agege, irin wadda ake ce wa Baby Boy, mai silinda shida. Ya buɗe but ya ɗauko leda, a ciki akwai bawul biyu na EGR, wato ƙofar da take mayar da ɗan hayaƙi cikin injin, da aka cire wa motar cikin wata huɗu. Na uku yana jikin injin, fitilar cek kuma tana nan a kunne.

Ya ce, "Malam, ni fa na gaji. Duk wanda na je wurinsa sai ya ce a sayo wani."

Na ce, "Alhaji, a ba ni awa biyu, kada a sayi komai tukuna."

Da muka sauke manifol na sama, wato bututun da iska take bi ta shiga injin, muka duba ramin da hayaƙi yake bi, ya toshe ƙam da baƙin kabon, ko tsinken sakace ba zai shiga ba. Bawul ukun nan babu wanda ya lalace. Kuɗinsa ya tafi a banza har sau biyu, kuma irin wannan yana ci mini rai, domin gwajin minti goma ya isa ya hana shi faruwa. Datti wanki yake so, abin da ya karye ko ya ƙone kuwa canji yake so, kuma kafin ka taɓa aljihu dole ka san wanne kake fuskanta.

Aikin da bawul ɗin yake yi

Iskar da injin yake zuƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce. Idan wutar cikin silinda ta haura wajen digiri 1,370 a ma'aunin Salshiyos, sai naitirojin ta haɗu da oksijin su zama iskar guba da ake kira NOx, mai cin huhu da tayar da asma. Tun farkon shekarun 1970 masu ƙera mota suka samo dabarar rage zafin: a ɗebo kaɗan daga hayaƙin da zai fita ta salansa, a mayar da shi cikin injin. Hayaƙin ya riga ya ƙone, ba zai sake kamawa ba, sai dai ya cike gurbi ya sassauta wutar. A injin fetur abin da ake mayarwa bai cika wuce kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ba, a injin gas kuwa yakan kai rabi.

Bawul ɗin EGR shi ne ƙofar wannan hanya. A motar fetur yana rufe lokacin da injin yake da sanyi, da lokacin da take silo, da lokacin da aka take totur har ƙasa. Yana buɗewa ne a tafiya matsakaiciya. Tun da hayaƙi ne yake ratsa shi kullum, dole ya tara kunkunniya kamar rufin madafa. A Legas abin ya fi sauri, domin motar da take kwana biyar a mako tana rarrafe a gosulon Oshodi ko gadar Third Mainland ba ta samun doguwar tafiyar da injin zai yi zafi sosai ya ƙone dattinsa.

Mataki na farko: motarka tana da shi kuwa?

Kada ka raina wannan tambaya. Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2009, wato Big Daddy da farkon Muscle masu injin 2AZ-FE, ba su da bawul ɗin EGR. Haka Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE. A waɗannan injina tsarin VVT-i, mai sauya lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin silinda, shi ne yake yin aikin daga ciki. Wanda ya ce zai wanke maka EGR a irin wannan mota, ce masa ya nuna maka shi da yatsa. Camry ta 1997 zuwa 2001 mai injin 2.2, wadda ake kira Pencil Light, tana da shi. Accord mai silinda shida tana da shi. Prius ta 2010 zuwa 2015 tana da shi, har ta yi suna wajen toshewa. Motocin gas na zamani kuwa kusan dukkansu suna ɗauke da shi.

Idan ka ɗaga bonet, nemi wani ƙarfe da aka ɗaure kusa da manifol ɗin shigar iska, galibi da noti biyu. Iri biyu ne. Na da yana da kai mai faɗi kamar murfin ƙaramar tukunya, da siririn tiyo na roba a samansa, zuƙar iska ce take ɗaga shi. Na yanzu yana da soket na waya, ƙaramin moto ne a cikinsa yake buɗewa da rufewa bisa umarnin kwamfutar mota.

Mataki na biyu: saurari motar, sannan ka sa na'ura

Bawul yana maƙalewa ta hanya biyu, kuma alamunsu sun bambanta. Idan ya maƙale a buɗe, hayaƙi yana shiga lokacin da ba a bukatarsa: mota tana jijjiga a silo, tana mutuwa a danja, tana wahalar tashi, tana shan mai fiye da da, amma da ka hau titi ka ba ta wuta sai ta ɗan daidaita. Idan ya maƙale a rufe, ko hanyarsa ta toshe, silo lafiya lau, sai dai ka ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawan gada ko ɗaukar kaya. Wani lokaci ma ba ka jin komai sai fitilar cek. A motar gas alamar ita ce baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, wata ma takan ƙi wuce wani gudu ko ka take ta yaya.

Waɗannan alamu ba na EGR kaɗai ba ne. Mataccen fulogi, ko kwayil, ko nozil mai datti, ko tiyon iska da ya tsage duk suna sa jijjiga. Shi ya sa ake sa na'urar da take karanto lambar laifi daga kwamfutar mota. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 zuwa yau duk suna da soket na OBD-II mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar, kuma yawancin tokumbo ɗinmu daga can suke. Rubuta lambar da ta fito a takarda kafin kowa ya goge ta.

P0401 tana nufin hayaƙin da yake wucewa ya yi kaɗan. P0402 tana nufin ya yi yawa. P0404 tana cewa bawul ba ya zuwa inda aka umarce shi. Waɗannan ukun su ne wanki ya fi yi wa magani. P0403 kuwa, da P0405 da P0406, maganar wuta ce: waya, ko soket, ko moto, ko sensar da take faɗa wa kwamfuta matsayin bawul. Ko ka wanke shi ya yi ƙyalli kamar sabon kwano, idan moton ya ƙone ba ka yi komai ba. A lura kuma, lamba tana nuna unguwar da matsalar take ne, ba ta nuna gidan ba. P0401 ba ta taɓa cewa "sayi bawul" ba.

Mataki na uku: gwaji kafin a kwance

Nan ne gizo yake saƙar, kuma nan ne aka fi tsallakewa.

Idan mai tiyo ne, bari injin ya yi zafi yana silo. Cire siririn tiyon da ke kan bawul, ka sa famfon zuƙa na hannu. Idan ba ka da shi, babbar sirinji da guntun tiyo mai tsabta za su yi. Yi hankali da fanka da fanbel, bawul ɗin kansa kuma yana ƙuna. Ka zuƙa a hankali ka ga ɗaya daga cikin abu uku. In injin ya yi tangal-tangal ko ya mutu, to bawul yana buɗewa kuma hanya a buɗe take, matsalar tana wajen abin da yake aiko masa da zuƙar. In ka ga sandar bawul ta ɗaga amma injin bai ko girgiza ba, bawul lafiyarsa ƙalau, hanya ce ta toshe. In kuma zuƙar ba ta tsayawa, kana ja tana sacewa, robar ciki mai kama da fatar kalangu ta yage. Wannan ba ta ɗinkuwa, sai canji.

A Pencil Light, kafin ka zargi bawul duba abu biyu. Akwai wani ɗan faifai kusa da shi mai tiyo da yawa, da ƙaramar matata a ƙarƙashin murfinsa wadda take toshewa. Akwai kuma ɗan makunnin iska mai soket da Toyota take kira VSV, yana ɓoye a bayan injin ƙarƙashin manifol, kuma sau da yawa shi ne mai kawo P0401 a wannan mota. A motocin Ford kuwa sensar da ake kira DPFE, mai auna matsin hayaƙin da yake wucewa, da tiyo biyun da suke shiga cikinta, su ne abin fara dubawa.

Idan mai soket ne, kana bukatar na'urar da take iya ba da umarni, ba mai karanta lamba kaɗai ba. A umarci bawul ya buɗe kaɗan-kaɗan injin yana silo. A motar fetur ya kamata injin ya fara jijjiga. Dubi lambobi biyu a allon na'urar, inda aka ce ya je da inda ya je. Idan suna bin juna amma injin bai canja murya ba, hanya ce. Idan yana tafiya da ƙyar ko yana tsayawa a rabi, datti ne ya riƙe shi. Idan bai motsa ba ko kaɗan, cire soket ka duba ko ƙafafunsa sun yi kore, domin ruwan damina da wankin injin da famfo mai ƙarfi suna lalata soket a garin nan. Kira riwaya ya auna ko wuta tana isowa. Wuta tana zuwa, moto bai amsa ba, to ya mutu.

Mataki na huɗu: kwancewa

Tanadi sifana da soket na 10 da 12 da 14, da gwangwani biyu na feshin wanke kafireta, da tsohon buroshin haƙori, da ƙaramin buroshin waya mai laushi, da tsummoki, da man sassauta tsatsa, da tabarau. Abin da aka fi mantawa shi ne sabon gaskit. Saye shi tun kafin ka fara.

Bari injin ya huce sarai. Cire kan batir na nagatif, amma idan rediyon motarka mai neman lambar sirri ne, kamar na Honda da yawa, tabbatar kana da lambar tukuna. Ɗauki hoton wurin da waya, musamman inda kowane tiyo ya shiga. Fesa man tsatsa a notuna ka ba su minti goma sha biyar. Notin da ya shekara yana shan zafin hayaƙi da iskar gishirin Legas ba a yi masa gaggawa: ɗan kwance, ɗan mayar, ƙara mai, sake kwancewa. Idan ya karye a cikin injin, aikin awa ɗaya ya koma na kwana biyu. Da ka ɗaga bawul, cusa tsumma mai tsabta a ramukan don kada wani abu ya faɗa.

Mataki na biyar: wankin kansa

Riƙe bawul ɗin kansa yana sama, bakinsa yana ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar da ba a karyawa, domin idan ruwan wanki ya gangara cikin moto ko kan robar, ka kashe abin da ka zo ceta. Saboda haka ba a tsoma shi gaba ɗaya cikin bokitin fetur, ba a kuma ƙona shi da wuta don kabon ya zube, ko da ka ga ana yi.

Fesa a cikin bakin, ka bar shi ya jiƙa minti goma zuwa sha biyar, ka goge da buroshi, ka sake fesawa. Ruwan farko zai fito baƙi ƙirin kamar tawada, da ɓarɓashi kamar garin gawayi. Kabon da ya daskare a bango kana iya kankare shi da ƙaramar sukundireba, amma inda kan sandar yake zama ya rufe ramin, a nan buroshi kawai. Ƙarzane ɗaya a wannan mazauni ya isa ya sa bawul yoyo har abada. Kada ka kusance shi da sanfefa. Yi aikin a fili inda iska take kaɗawa, nesa da mai walda da mai shan taba.

Da ka ga ƙarfe ya bayyana, yi gwaji biyu. Danna sandar da yatsa idan irin mai dannuwa ce: ta shiga sumul, ta dawo da kanta da ɗan ƙara. Sannan girgiza ta gefe da gefe. Idan tana lilo sosai, wurin da take bi ya cinye. Na biyu, karkata bawul ɗin yana rufe ka zuba ɗan kananzir a ramin da ke bakin mazaunin, kaɗan kawai yadda ba zai kai ga moto ba, ka jira minti biyu. Idan bai tsiyaye ta ɗaya ɓangaren ba, yana rufewa da kyau. Idan ya zube, sake wankewa sau ɗaya. Ya sake zubewa, daina wahalar da kanka.

Mataki na shida: hanyar hayaƙi

Wanda ya wanke bawul ya bar hanya ya yi rabin aiki, kuma rabin da ba shi da wuya. Samo tsohuwar wayar kuloci ko ta burkin babur, ka warware bakinta kaɗan ya zama kamar tsintsiya. Zura ta cikin ramin kana murzawa, kana jawo datti waje. A jawo ne, ba a tura ba. Idan ramin ya bi ta cikin manifol, kamar na Accord ɗin Alhaji, sauke manifol ɗin ka wanke shi a ƙasa, ka toshe bakunan injin da tsumma kafin ka fara. A injinan da kowace silinda take da nata ƙaramin rami, buɗe su duka, domin idan uku sun toshe hayaƙin gaba ɗaya zai afka wa ta huɗu, ita kuma ta riƙa yankewa.

Motar gas sai an ƙara kula. A can toka tana haɗuwa da tururin baƙin mai su zama wani abu kamar kwalta, har ka ga bututun da hannu yake shiga ya koma sai yatsa biyu. Kada ka kankare shi manifol yana jikin injin, domin dunƙule ɗaya da ya faɗa silinda yana iya jawo sauke injin. Kada kuma ka fesa ruwan wanki mai kama wuta cikin injin gas yana aiki. Yawancinsu suna da ɗan akwatin sanyaya hayaƙi da ruwan lagireto yake ratsawa. Toshewa ce, a wanke. Amma idan ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ga farin hayaƙi a salansa, akwatin na iya zama ya fashe daga ciki, wannan kuwa canji ne.

Mataki na bakwai: mayarwa da gwajin titi

Bari komai ya bushe. Kankare ragowar tsohon gaskit, sa sabo, ban da gam, domin zafin wurin yana ƙona shi ya ɓantare ya shiga bawul. Ɗaura notuna da hannu tukuna, sannan ka matse su bi da bi. Cire duk tsumman da ka cusa, ƙirga su. Mayar da tiyo da soket bisa hoton da ka ɗauka, haɗa batir, goge lambar. Wasu motoci, musamman Volkswagen na gas, sai an sa na'ura ta koya wa kwamfuta matsayin bawul daga farko.

Mutuwar fitila nan take ba shaida ba ce. Kwamfuta ba ta gwada EGR a tsaye, kuma a motoci da yawa sai ta ga laifin a tafiya biyu kafin ta kunna fitila. Hau titin Legas zuwa Ibadan da safiyar Lahadi, yi tafiyar rabin awa, kana ba ta wuta kana kuma ɗage ƙafa ta gangara da kanta. Yi harkokinka kwana uku, sannan a sake sa na'ura a ga ko gwajin EGR ya kammala ba tare da lamba ba.

Idan canjin ya zama dole

Robar da ta yage, moton da ya ƙone, sensar da ke haɗe da bawul ta mutu, sanda mai lilo, jikin da ya tsage, mazaunin da ya ƙi riƙe kananzir: waɗannan su ne dalilan saye. Tafi Ladipo ko kasuwar Trade Fair da tsohon a hannunka. Gwada lambar da ke jikinsa, ƙirga ƙafafun soket, dubi tazarar ramukan noti, domin bawul biyu suna iya kama da juna kamar tagwaye amma kwamfuta ta ƙi ɗaya. Ni a wurina tokumbo na asali da ya ci gwajin kananzir ya fi sabo marar suna mai arha, amma shi ma wanke shi kafin ka ɗaura, kuma ku yi magana da mai shago a kan mayarwa kafin ka biya. Ko sabo fil ka saya, sai ka buɗe hanya.

Za a ba ka shawarar a yanko gwangwani a toshe ramin a huta. Ba na yi, ba na kuma son a yi. A motar fetur toshewar tana ƙara zafin silinda da wannan ƙarar tsakuwa mai cin fistin, fitilar cek kuma za ta zauna a kunne, ranar da wata babbar matsala ta zo ba za ka sani ba. Sannan gubar da ta ƙaru, masu talla a tsakiyar gosulo da 'yan'uwanmu masu Keke da yaranka da ke kujerar baya su ne za su shaƙe ta.

Idan kuwa ka wanke da kyau amma cikin 'yan watanni ya sake cika, akwai abin da yake ciyar da shi datti. Duba ko injin yana shan baƙin mai, ko ɗan bawul ɗin PCV da ke kan murfin injin, mai mayar da tururin baƙin mai cikin manifol, ya maƙale, ko nozil yana zubar da mai, ko an cire tamostat har injin ba ya kai zafinsa, abin da ake yawan yi wa motoci a nan da sunan maganin zafi. Tamostat ɗin nan shi nake fara tambaya.